Hankali Ya Gushe, Jiki Yana Farke



Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa asibiti domin a yi masa tiyata, ya zauna a kan bencin bakin ƙofa yana jan carbi, ya san cewa a cikin tambayoyin da majiyyaci yakan yi a daren jajiberin aiki babu wadda take fitowa daga ƙasan zuciya kamar wannan: "Likita, za a sa ni barci, ko kuwa ina ji ina gani za a yanka ni?" Kuma galibinmu, da za a bar mana zaɓi, cewa za mu yi a sa mu barci kawai, kada mu san an yi, sai dai mu farka mu ga bandeji, domin a zatonmu matuƙar hankali ya gushe, to, jiki ma ya huta, wuƙa ta shiga ta fita bai sani ba. Wannan zato shi ne abin da nake so mu tsaya a kansa yau, saboda likitoci sun shafe kusan shekara ɗari suna auna jinin majiyyata da fitsarinsu, kuma abin da ya tabbata a gare su shi ne jiki yakan san an yanke shi ko da mai shi bai sani ba, yakan kuma mai da martani mai tsada, wanda girmansa da ƙanƙantarsa suna da alaƙa da irin allurar da aka zaɓa.

Malaman fiƙihu, sa'ad da suke lissafa abubuwan da ke warware alwala, sun tara barci mai nauyi da suma da maye a ƙarƙashin babi guda, watau gushewar hankali, ba tare da sun ce abu ɗaya ne ba. Kuma halin da likita yake sanya majiyyaci a ciki, ko da yake a bakin jama'a barci ne, ya fi kama da suma, tun da mai barci in ka tsunkule shi zai farka, shi kuwa wannan ana buɗe cikinsa bai motsa ba. Neman wannan hali tsohon buri ne. Ibn Sina ya ambaci afyun da banju a cikin magungunan da ke kashe ji a littafinsa Al-Ƙanun, Zahrawi na Andalus ya siffanta kayan fiɗa daki-daki, amma duk da haka, har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, gwanin likitan fiɗa shi ne mai saurin hannu, wanda zai gama kafin azaba ta kashe wanda aka danne. Sai ranar 16 ga Oktoba, 1846, a birnin Boston na Amurka, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa wani saurayi iskar eta a gaban taron likitoci, aka cire masa ƙari a wuya bai yi ihu ba. Shekara guda bayan haka kulorofom ya bayyana a Sikotilan. A 1898 kuma, a garin Kiel na Jamus, August Bier ya zuba koken a cikin ruwan da ke kewaye da laka, ya ga rabin jiki na ƙasa ya mutu alhali mutum yana magana. Tun daga ran nan hanya ta rabu biyu: ko a gusar da hankali gaba ɗaya, ko a tare saƙo a hanya a bar hankali.

Domin mu fahimci bambancin, mu ɗauki jiki kamar birni mai ganuwa. Abokan gaba sun fasa ƙofa guda, manzo ya sheƙa a guje ya nufi fada. Idan ya isa ya tarar sarki ya suma, wannan ba zai hana waziri da sarkin yaƙi su sa a buga tambari ba, a rufe rijiyoyi a yi tattalin ruwa, a fasa rumbuna a raba hatsi, in hatsi ya ƙare a cire azarar ɗakuna a hura wuta. Sumar sarki ita ce allurar barci. Amma idan aka tare manzo tun a bakin ƙofa, labari bai isa fada ba, to, sarki yana zaune da idonsa biyu, tambari bai yi ƙara ba, rumbuna kuma suna rufe. Wannan ita ce allurar baya.

To, mene ne haƙiƙanin abin da ke faruwa a cikin jini? Da zarar wuƙa ta keta fata, jijiyoyin ji sukan ɗauki saƙo su bi ta laka su hau zuwa wani sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa wanda aikinsa bai dogara ga farkawar mutum ba. Daga nan umarni yakan sauka ta hanya biyu. Ta farko ta jijiya ce, mai sauri ƙwarai, wadda take sa a saki sinadarin adirenalin da ɗan'uwansa, sai zuciya ta ƙara bugu, magudanar jini su tsuke, jini ya hau. Ta biyu ta cikin jini ce: wani ɗan ƙullutu da ke rataye a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda nauyinsa bai kai giram 1 ba, yakan aika sinadari zuwa ga wasu ƙullutai biyu da ke zaune a kan ƙoda, su kuwa su kwararo kotisol. A babbar tiyata, kotisol na jini yakan ninka sau uku ko huɗu a cikin awa 4 zuwa 6, kuma abin lura a nan shi ne, linzamin da ke tsai da shi a ranakun lafiya, inda yawansa da kansa yake gaya wa ƙwaƙwalwa ya isa haka, ba ya aiki a wannan hali. Tare da haka, sinadarin da ke hana fitsari yakan ƙaru, ƙoda ta riƙe ruwa da gishiri, shi ya sa ake ganin jakar fitsari ba ta cika ba a yinin farko ko da ana ta ƙarin ruwa. Insulin kuwa yakan yi ƙaranci, wanda ya fito ma tsoka ba ta saurarensa, sai hanta ta zazzage sukarin da ta adana, in ya ƙare ta shiga ƙera sabo daga furotin ɗin tsoka. Mutumin da bai taɓa ciwon suga ba sai a auna shi washegarin aiki a ga sukarinsa ya hau.

Wanda ya taɓa jinyar yaron da taifot ta huda wa hanji, aka buɗe cikinsa aka ɗinke, ya ga wannan da idonsa ko da bai san sunansa ba. Kwana biyar bayan aiki sai ka ga gefen goshinsa ya lotsa, ƙashin wuya ya fito, cinya ta saki, hannun da ya shigo da ƙarfinsa ba ya iya riƙe kofi. Dangi sukan ce rashin cin abinci ne, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Wani masani a birnin Gilasgo, David Cuthbertson, tun a shekarun 1930 ya riƙa tara fitsarin mutanen da suka karye a ƙafa yana auna naitirojin da ke ciki, ya tarar abin da suke zubarwa ya zarce abin da yunwa ko kwanciya kaɗai za su jawo, ya kuma zarce abin da ƙafar da ta karye za ta iya bayarwa. Watau jiki duka ne yake cin tsokarsa. A 1942 ya kasa al'amarin kashi biyu, ya kira na farko janyewa, lokacin da jiki yake sanyi yana tattalin jini, na biyu kuma cikowa, lokacin da zafi yake tashi ana ƙona tsoka da kitse. Giram 1 na naitirojin a fitsari daidai yake da wajen giram 30 na tsoka, kuma bayan babbar tiyatar ciki mutum yana iya rasa har rabin kilo na naman jikinsa a yini guda. A cikin tsokar da ake ci kuwa har da wadda ake tari da ita, ake fitar da majina daga huhu.

Ba shakka akwai hikima a cikin wannan halitta. Mafarauci da namun daji ya ji wa rauni, yana kwance a ƙarƙashin itace babu ci babu sha, babu mai yi masa ƙarin ruwa, da wannan martani ne zai rayu har a zo a same shi. Mas'alar ita ce, majiyyacin da ke kwance a asibiti ana ba shi ruwa da jini ta jijiya ba ya bukatar dukan wannan, kuma idan dattijo ne mai raunin zuciya, ko mai ciwon suga, ko wanda cuta ta riga ta rame, to, abin da aka halitta domin ya cece shi yana iya zama nauyin da zai karya shi: zuciya ta gaji da gudu, sukari mai yawa ya hana miki warkewa ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, jini ya yi saurin daskarewa a jijiyar ƙafa.

Tun wajen 1913 wani likitan fiɗa na Amurka, George Crile, ya yi ijtihadi ya ce ƙwaƙwalwar wanda aka shaƙa wa eta tana ci gaba da karɓar saƙon rauni, saboda haka ya riƙa haɗa barci da allurar kashe wurin da zai yanka. Hujjar da ta tabbatar da maganarsa ta zo ne a 1959, sa'ad da David Hume da Richard Egdahl suka yi gwaji a kan karnuka, suka nuna cewa idan jijiyar da ta haɗa ƙafa da laka tana nan, raunin ƙafar yakan tayar da ƙullutan kan ƙoda, idan kuwa aka yanke jijiyar, ko da jini yana shiga ƙafar yana fita, martanin ba ya tashi. Daga nan aka gane cewa jijiya ita ce babbar hanyar labari.

Magungunan barci da aka saba da su, irin iskar halotan da aka daɗe ana amfani da ita a asibitocinmu da yawa, da waɗanda suka biyo bayanta, da farar allurar nan firofofol, a gwargwadon da ake ba da su, kaɗan suke ragewa daga wannan martani. Eta ma ƙara shi take yi, tana hau da sukari. Abin da ke danne shi a cikin barci shi ne dangin mofin, musamman fentanil, in an ba da shi da yawa ƙwarai; illa dai wannan yawa yakan tsai da numfashi na awoyi bayan aiki, sai an ɗora mutum a kan na'urar numfashi, abin da ba kowane asibiti ke da shi ba.

A nan akwai wani babi na tarihin likitanci wanda ba na iya ambatonsa ba tare da zuciyata ta sosu ba. Har zuwa shekarun 1980, a manyan asibitocin Turai da Amurka, ana yi wa jarirai bakwaini tiyata da maganin sandarar da tsoka da ɗan abin barci kaɗan, wani lokaci babu maganin zafi ko ɗigo, bisa zaton jijiyoyinsu ba su nuna ba, kuma maganin zai fi wuƙar haɗari. Jariri ba ya magana, an kuma hana shi motsi, to, wa zai yi masa shaida? Jininsa ne ya yi. Wani matashin likita ɗan Indiya, Kanwaljeet Anand, da abokan aikinsa a Oksfod ta Ingila, suka buga bincike a 1987 a kan bakwaini da ake ɗaure wa wata jijiya kusa da zuciya: waɗanda ba a ba su fentanil ba, adirenalin da sukarinsu suka yi tashin gwauron zabo, suka kuma fi samun matsala bayan aiki. A 1992, a Boston, ya sake gwadawa a kan jarirai masu tiyatar zuciya: cikin 15 da aka yi wa barci marar zurfi 4 suka rasu, cikin 30 da aka ba maganin zafi mai ƙarfi babu wanda ya rasu. Adadin kaɗan ne, amma ya isa ya sauya al'ada, kuma duk uwar da aka karɓi jaririnta aka shiga da shi ɗakin tiyata a yau tana cin moriyar wannan awo.

Yanzu mu zo ga allurar baya, wadda mata masu haihuwa ta tiyata suka fi kowa saninta, suka kuma fi kowa jin tsoronta. Mace takan zauna a gefen teburi, ƙafafunta a kan ɗan benci, ta sunkuyar da kai ta tura bayanta waje, ma'aikaciyar jinya tana riƙe da kafaɗunta tana cewa, "Sannu, Hajiya, kada ki motsa, yanzu za a gama." Likita ya shafa magani mai sanyi, ya lalubi gurbi tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya a daidai ƙugu, ƙasa da inda laka ta ƙare, ya sa siririyar allura har sai ruwa garau ya ɗigo, sa'an nan ya tura magani wanda bai cika cokalin shayi ba. Kafin a gyara mata kwanciya ƙafafu sun ɗau ɗumi, sun yi nauyi. Ya ɗauko auduga mai sanyi yana taɓa ta daga cinya zuwa sama yana tambaya, "Kin ji sanyi a nan? A nan fa?" har ya tabbata maganin ya kai daidai ƙirji. Za ta ji ana ja ana turawa, ba za ta ji zafi ba, kuma da kunnenta za ta ji kukan farko.

Binciken da Henrik Kehlet na ƙasar Danmak da jama'arsa suka yi tun daga shekarun 1970 ya nuna cewa a tiyatar da ke ƙasa da cibiya, kamar cire mahaifa, ko gyaran ƙaba, ko aikin ƙafa, idan allurar ta rufe daga ƙirji zuwa ƙasa, tashin kotisol da na sukari kusan ba ya faruwa muddin maganin yana aiki. Idan kuma aka bar siririyar roba a bayan, a wajen tantanin laka, ana ɗiga magani kwana biyu ko uku, asarar tsoka takan ragu, hanji ya yi saurin motsi, mutum ya iya tari ba tare da ya dafe ciki ba. Mu ma a nan muna da shaida a gida, domin dubban matan da Dakta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya yi wa gyaran yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina da kuma Kano, da allurar baya aka yi musu, yawancinsu kuwa mata ne da wahala ta riga ta cinye, waɗanda ba su da tsokar da za su yi asara. Amma batun da ake yaɗawa cewa allurar tana gurgunta mutum ko tana bar masa ciwon baya har abada, gurguncewa abu ne mai wuyar aukuwa ainun, ciwon baya kuwa yana damun mata bayan haihuwa ko an yi allura ko ba a yi ba. Abin da ya tabbata shi ne ciwon kai mai tsanani in an tashi zaune, wanda Bier da kansa ya sha bayan an gwada allurar a jikinsa, kuma sirantar allurai na zamani ta rage shi ƙwarai.

Sai dai allurar baya tana da iyaka, kuma adalci ne a faɗe ta. A tiyatar saman ciki da ta ƙirji, akwai jijiyoyin da ba sa bi ta inda aka tare, suna hawa kai tsaye daga kayan ciki zuwa ƙwaƙwalwa, saboda haka sukari yakan lafa amma kotisol ya tashi. Ban da haka, an gano daga baya cewa mikin da kansa yana sakin wasu sinadarai a cikin jini, waɗanda suke kawo zazzaɓi su sa hanta ta sauya aikinta, kuma waɗannan babu ruwansu da jijiya, ba allurar da ke tare su. Abin da ke rage su shi ne ƙanƙantar yanka da taushin hannun mai fiɗa, shi ya sa tiyatar da ake yi ta ƙananan huda da kyamara take barin jiki da sauƙi.

Kada kuma mai sauraro ya ɗauka cewa kashe martanin ƙurmus shi ne alheri. A 1983, a Gilasgo, likitoci biyu, Ledingham da Watt, suka lura cewa mace-mace sun ƙaru a sashen kulawa ta musamman a tsakanin waɗanda suka yi mummunan haɗari, tun daga lokacin da aka fara kwantar da su da wani sabon magani mai suna etomidet na kwanaki a jere. Da aka bi diddigi sai aka ga maganin yana toshe ƙera kotisol a ƙullutan kan ƙoda. Ko allurarsa guda takan danne su na awoyi. Jikin da ba shi da kotisol a lokacin tsanani jininsa yakan faɗi ya ƙi tashi, kome ruwan da aka ƙara masa.

Wannan kuwa ya shafe mu kai tsaye, ta wata ƙofa da ba a cika magana a kanta ba. Ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a kasuwanni da kemis, waɗanda 'yan mata ke kira sha-ka-fashe, da yawansu deksametazon ne. Haka wasu ƙwayoyin da dattawa ke sha kullum domin ciwon gaɓoɓi ko asma, haka wasu mayukan sauya launin fata. Dukansu dangin kotisol ne, kuma idan jiki ya daɗe yana samunsa daga waje, ƙullutan kan ƙoda sukan yi sanyi su daina aiki. Tun a 1952 aka rubuta labarin wani majiyyaci a Amurka da ya daɗe yana shan kotizon saboda ciwon gaɓoɓi, aka dakatar da shi gab da tiyata, aka yi aiki lafiya, ya rasu bayan 'yan awoyi saboda jininsa ya faɗi. Maganin wannan musiba allura ce mai araha da ake yi kafin aiki da bayansa, amma likita ba zai yi ta ba sai ya sani, ba kuwa zai sani ba sai an gaya masa. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwa mata musamman, da iyayen da ke raka su: idan likitan barci ya zo da daddare ya tambaya ko ana shan wani magani, a faɗa masa duka, har da na ƙiba, har da na shafawa, har da jiƙo da garin mai magani. Kunya a wannan wuri tana iya cin rai, likitan kuwa ba alƙali ba ne, ba hukunci ya zo yi ba.

Haka nan akwai lokacin da allurar baya take zama haɗari saboda ainihin abin da ya sa take da amfani. A ɗauki macen da aka kawo daga ƙauye a bayan mota, mabiyiya ta rabu tun da asuba, jini ya tafi da yawa, tafin hannunta fari fat, bugun jijiyarta siriri mai sauri. Abin da ya riƙe ranta har ta iso shi ne adirenalin da ya tsuke magudanar jininta. In aka yi mata allurar baya, magudanar rabin jikinta za su saki a lokaci guda, ɗan jinin da ya rage ya taru a ƙafafu, zuciya ta buga babu abin turawa. A irin wannan hali gwanin likita yakan nemi jini da ruwa tukuna, ya zaɓi barci, sau da yawa da ketamin, maganin da aka ƙera a 1962, wanda ya saɓa wa sauran domin yana ƙarfafa bugun zuciya da hawan jini, bai cika tsai da numfashi ba. Wannan siffa ita ta sa ya zama abin dogaro a ƙananan asibitocin karkara, ita kuma ta sa ake taka-tsantsan da shi ga mai hawan jini ko mai jijjigar haihuwa.

To, idan aka tambaya, shin allurar baya tana rage mutuwa? A nan malaman fannin sun yi saɓani, kuma ya kamata a kawo ɓangarorin biyu. A shekarar 2000 an tattara gwaje-gwaje 141 aka ce ta rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma babban gwajin da aka buga a 2002 daga Ostareliya, a kan majiyyata 915 masu rauni da aka yi wa babbar tiyatar ciki, bai ga bambanci a mutuwa ba, sai dai sauƙin zafi da raguwar matsalar numfashi. A 2021 kuma, a Amurka da Kanada, aka gwada a kan tsofaffi 1,600 masu karayar ƙugu, aka ga bayan kwana 60 waɗanda aka yi wa allurar baya da waɗanda aka sa barci daidai suke wajen rayuwa da iya tafiya. Ra'ayina, Allah shi ne masani, waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a inda barci yake da cikakken tsaro, ga iskar oksijin, ga na'urori, ga ƙwararre a kan kowane majiyyaci. A inda waɗannan suka yi ƙaranci, barin mai haihuwa tana numfashi da kanta, tana iya kare maƙogwaronta daga amai, fa'ida ce da ba ta bukatar awon kotisol.

Kehlet da kansa ya gane cewa allura kaɗai ba ta isa ba. Ya haɗa ta da wasu abubuwa masu sauƙi: a yi wa majiyyaci bayani domin tsoro ya ragu, kada a bar shi ya yi sanyi a teburi, a kashe zafi ba tare da mofin mai yawa ba, a ba shi abinci da wuri, a tashe shi ya taka a ranar aiki ko washegari. A 1999 ya ba da rahoton majiyyatan da aka yanke wa wani sashe na babban hanji suka koma gida bayan kwana 2, alhali a lokacin mako guda ko fiye ake yi. A cikin wannan tsari akwai gyaran wata al'ada da ta zauna daram a asibitocinmu, watau a ce wa kowa kada ya ci kada ya sha daga sha biyun dare, sa'an nan aiki ya yi jinkiri har bayan azahar, a cikin zafin bazara, mutum ya shiga tiyata hantarsa babu sukari, jijiyoyinsa a bushe, martanin yunwa ya riga ya fara kafin na wuƙa. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin barci suka daɗe da amincewa da ita ita ce awa 6 ga abinci, awa 2 ga ruwa garau, kuma an nuna cewa ruwa mai ɗan sukari kafin aiki yana rage taurin kan tsoka ga insulin. Akwai waɗanda aka keɓe, kamar mai toshewar hanji, saboda haka majiyyaci kada ya sha kome da ra'ayin kansa. Kira nake ga shugabannin asibitoci su sake duba umarnin da suke bayarwa.

A 2018 an buga wani bincike da ya bi majiyyata 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya. Ko da yake sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, haɗarin mutuwarsu bayan tiyatar da aka shirya ya ninka na duniya sau biyu, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka rasu, bayan ranar aikin suka rasu, a kan gadon jinya. Waɗannan su ne ainihin kwanakin da Cuthbertson ya kira cikowa, lokacin da allura ta riga ta sake, zafi ya dawo, sukari yake hawa, tsoka take narkewa, ma'aikaciyar jinya guda take kula da ɗaki cike da dare. Hukumomin lafiya na jihohi, sa'ad da suke gina sabon ɗakin tiyata, wajibi ne su lissafa albashin likitan barci da na ma'aikatan jinya da aka horar a fannin tun a cikin kuɗin ginin, su kuma tanadi wanda zai auna jini da sukari da fitsarin majiyyaci, ya ba shi maganin zafi a kan lokaci, a darare ukun farko bayan an ɗinke shi.